Kurakuran da aka fi tafkawa a aikin rinin ruteniyam na kashe ƙwayoyin cutar kansa da haske

Duk wanda ya shiga binciken rinin nan masu ƙarfe a tsakiya, irin ruteniyam, da ake haskawa su kashe ƙwayoyin cutar kansa, akwai ramukan da kusan kowa sai ya faɗa, nima ban tsira ba.

Babban cikinsu shine ka ga rinin ya manne da DNA a kwalbar gwaji sai ka hau murna. Tun 1990 su Jacqueline Barton, masaniyar kimiyyar sinadarai, suka nuna wani rinin ruteniyam da baya ƙyalli a ruwa, amma da ya kutsa tsakanin matakan DNA sai ya kama haske, abin burgewa ne gaskiya, to amma kwalba daban sel mai rai daban, da yawan irin wannan rinin basa ma isa nukiliyas inda yawancin DNA yake, a wasu sassan sel irin su mitokondiriya ko laisosom suke maƙalewa. Zuba shi a sel, leƙa da maikiroskof ka ga inda ya sauka tukun, kar ka yi saurin rubuta "ta DNA yake kisa".

Sai farantin duhu. Dole faranti biyu na sel da aka zuba wa rinin, ɗaya a haska ɗaya a naɗe shi da takardar alminiyam kar haske ya shiga. Ni na taɓa barin nawa a buɗe ƙarƙashin fitilar benci, washegari duk sel sun mutu, sati biyu ina zargin rinin da dafi ashe sakacina ne. In yana kisa a duhu kamar yadda yake yi a haske, to bai da maraba da sisfilatin, maganin kansa mai kisa ba tare da haske ba, da aka amince da shi tun 1978.

Launin haske ma ana wasa da shi. Yawancin irin wannan rinin shuɗin haske suke sha, mai tsawon zango wajen nanomita 450, shi kuwa shuɗi da ƙyar yake wuce milimita ɗaya a nama, ja ne ke nitsawa. TLD-1433, wani rinin ruteniyam da ake gwadawa a Kanada, kore yake amfani da shi, amma fa don kansar mafitsara ce, ana zura fitilar har ciki.

Kuma a tuna tsakiyar ƙari iskar oksijin kaɗan ce, alhali yawancin rinin da ita suke aiki, ka maimaita gwajin a ƙarancin oksijin ka gani ko zai tsaya da ƙafarsa.