Darasi: Auna Ƙudirin Doka Kafin Wakilinka Ya Kaɗa Ƙuri'a

Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato tana da wakilai 30. Duk ƙudirin da ya shigo zauren sai an karanta shi sau uku. Bayan karatu na biyu ake miƙa shi ga kwamiti, a nan ne akan kira zaman jin ra'ayin jama'a. Wannan ne lokacin magana. In aka yi karatu na uku, sai hannun gwamna, kuma yana da kwana 30.

Ma'auninmu Babi na Huɗu ne na Kundin Tsarin Mulkin 1999, babin da ya ƙunshi haƙƙoƙin ɗan Adam. Ka nemi kwafin ƙudirin wurin wakilin mazaɓarka, a karanta shi a aji, sakin layi bayan sakin layi.

Fara da maganar kamu. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ƙudirin da ya bai wa jami'i ikon tsare mutum mako guda ba tare da kotu ba, a ce wa wakili ya ƙi shi.

Sannan a duba kalmomi masu faɗi, irin su "maganar da za ta ta da hankali". Wa zai fassara? In ba a fayyace ba, mai ƙorafin rashin ruwan famfo a rediyo ma zai iya shiga hannu. Sashe na 39 ya kare faɗin albarkacin baki, na 40 ya kare taro. Gaskiya ne sashe na 45 ya yarda a taƙaita su saboda tsaro ko lafiyar jama'a, amma sai da dalili mai ƙarfi. Irin wannan ƙudiri gyara ake nema masa.

In an taɓa gona ko rumfar kasuwa, a nemi inda aka rubuta diyya, kamar yadda sashe na 44 ya tanada.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa da baki kawai, magana ta bi iska. Ku rubuta shafi ɗaya: sunan ƙudirin, lambar sakin layin, sashen da ya saɓa wa, da abin da kuke so, wato a amince, a ƙi, ko a gyara. Ku sa hannu ko ku dangwala, ku kai ofishin akawun majalisa, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku.