Yadda ake ɗaga katangar gaban gida a Ingila ba tare da an sa ka rushe ba

Duk wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san gida bai cika gida ba sai da katangar da mai wucewa ba zai leƙo ya ga mata na shanya ba. To a Ingila ba haka abin yake ba. Da muka sayi gida na kira magini na ce masa mita biyu nake so a gaba, ya dube ni ya yi dariya, ya ce zai gina amma in tanadi kuɗin rushewa ma.

Ga dokar a taƙaice, kuma ta Ingila nake nufi don Sikotilan da nata tsarin. Dokar 2015 ta gine-ginen da ba sai an nemi izini ba ta ce katanga ko shingen katako ko get, in dai a bakin titin da mota ke bi yake, har da hanyar ƙafa ta gefen titin, iyakarsa mita 1. Bayan gida da tsakaninka da maƙwabci kuwa mita 2 ne.

Fara da awo. Ɗauki tef ka auna daga ƙasa, kuma ka sani ragar katakon nan da ake ɗorawa a sama don furanni su bi ita ma cikin lissafi take. In gidanka a kan kwana yake, gefen da ke kallon ɗaya titin shi ma mita 1 ne, nan mutanenmu suka fi faɗawa.

Sai ka buɗe takardun gidan. Wasu sababbin unguwanni tun a izinin gina su aka sa sharaɗin ba a kewaye gaba sam, ko na rabin mita, wani kuma sharaɗin yana cikin takardar mallaka. In gidan na cikin jerin gine-ginen tarihi, ko ƙaramar hukuma ta janye sassaucin a unguwar da umarnin da suke kira Article 4, to ko gajeruwa ce sai da izini.

Yanzu ga inda ake samun sauƙi. Idan ka tarar da tsohuwar katanga doguwa wadda take bisa ƙa'ida, kana iya gyara ta muddin ba ka ƙara mata tsawo ba, don haka kar ka yi gaggawar sa mata guduma, ka ɗauke ta hoto da tef a jikinta ta kowane ɓangare, ka tambayi ofishin tsara gari kafin ka taɓa. Wasu kuma ja da baya suke yi su bar fili tsakanin shingen da titi, amma dokar ba ta faɗi ko mita nawa ba, jami'i ne zai zo ya duba, shi ya sa gara ka nemi takardar shaidar halaccin aiki tukuna. Babbar mafita kuwa ita ce shuka. Shingen shuke-shuke baya cikin wannan doka ta mita 1 kwata-kwata. Abin kiyayewa biyu ne, kar ya cinye hanyar ƙafa ko ya tare wa direbobi gani, sannan a dokar 2003 in mai kore duk shekara ne ya wuce mita 2 yana tare wa maƙwabci haske, maƙwabcin na iya kai ƙara gun ƙaramar hukuma.

In ka dage sai bulo ko katako, shiga Planning Portal, shafin intanet na neman izinin gini, ka cike takardar neman izini ta masu gida, ka haɗa taswirar wurin, zanen katangar da tsawonta da kayan da za a yi ta da su, ka biya kuɗin. Za a ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, hukunci kuma yawanci cikin sati 8. Shawarata, ka ƙwanƙwasa musu ƙofa kafin wasiƙa ta riga ka. A bayaninka kar ka tsaya kan "ina son sirri" kawai, wallahi ba ya burge jami'an tsara gari, abin da suke dubawa shi ne kamannin layin da kuma ko mai fitowa da mota zai hango yaro a kan hanya. Ka sa hotunan gidajen layinku masu dogon shinge in akwai.

In ƙaramar hukuma ta ƙi, kana da sati 12 ka ɗaukaka ƙara gun hukumar sufetocin tsara gari. Wanda ya riga ya gina kuma yana iya neman izini daga baya, amma kar ya ce zai yi lamo har a manta, tun Afrilun 2024 shekara 10 hukuma take da ita ta biyo ka, da can 4 ce.

Ni dai ƙarshenta katako na sa mai mita 1, na shuka shinge a bayansa, bana ya kawo min kafaɗa, uwargida har ta fara fitar da tabarma da yamma in an samu rana.