Yadda Ake Adana Bayanan Maikurokwanturola Kafin Wuta Ta Ɗauke Gaba Ɗaya

Duk abin da maikurokwanturola, wato ƙaramar kwamfuta da ke cikin guntu ɗaya, ke riƙe da shi a RAM, ma'ajiyarta ta wucin gadi, yana gogewa da zarar wuta ta ɗauke, shi ya sa ake kwafe muhimman bayanai zuwa EEPROM, ma'ajiyar da ke riƙe bayanai ko da babu wuta. Sai dai rubutawa a kai a kai ba mafita ba ce, domin kowane gurbi na EEPROM ɗin maikurokwanturola samfurin ATmega328P yana jure rubutu kusan sau 100,000 ne kawai. Dabarar ita ce na'urar ta gane wuta na shirin ɗaukewa, ta yi rubutu sau ɗaya a ɗan lokacin da ya rage mata.

Da farko a raba hanyar wuta gida biyu da dayod na Schottky, wanda ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, sannan a sa babbar kafasita, mai tara caji, a bayansa, ta yadda cajin da ke cikinta zai ciyar da maikurokwanturola kaɗai, ba zai koma wa injin lantarki mai juyawa ko fitilu ba. Wurin auna wutar kuwa dole ya kasance gaban dayod, wato ɓangaren da wuta ke shigowa, ta hanyar rezista biyu da ke rage ƙarfinta zuwa ƙafar kwamfareta, sashen da ke kwatanta ƙarfin wuta ya ba da sigina idan ta faɗi. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: idan aka auna a bayan dayod, kafasita za ta ɓoye faɗuwar wutar har sai lokaci ya ƙure.

Girman kafasita ba a yin sa da ka, lissafi ake yi. Rubuta bayit ɗaya a wannan EEPROM yana cin kusan milisakan 3.3, don haka bayit 20 za su ci milisakan 66, a ce 70. Idan na'urar na jan miliamfiya 20, kuma ana iya barin wutar ta sauka da bolt 1 kacal, sai a ninka amfiya 0.02 da sakan 0.07 a raba da bolt 1, a sami farad 0.0014, wato maikurofarad 1,400. Ni dai 2,200 zan sa, saboda kafasita tana raguwa da tsufa, kuma sau da yawa ba ta cika abin da aka rubuta a jikinta ba.

Da zarar siginar faɗuwar wuta ta iso, shirin ya fara kashe duk abin da ke shan wuta, sannan ya rubuta bayanan da suka canza kaɗai. A kunna mai gadin ƙarancin wuta na cikin guntun, wanda ake saitawa a bolt 1.8, 2.7 ko 4.3, don ya tsayar da aiki kafin na'urar ta fara rubuta shirme.

A ware gurbi biyu ana rubutawa bi da bi, kowanne da lambar jeri da lissafin CRC, wanda ke gwada ko bayanan sun lalace. Idan wuta ta yanke a tsakiyar rubutu, wanda ya lalace zai faɗi gwajin, sai na'urar ta ɗauki na baya idan ta farka. Wanda bayanansa ke da yawa gara ya koma FRAM, wata ma'ajiyar da ita ma ke riƙe bayanai ba wuta, wadda ke rubutu nan take ba tare da jira ba.