Kada ku sa auduga a ƙarƙashin rigar nutso

'Yan'uwa masu nutso a dam ɗin Dadin Kowa lokacin hunturu, ku daina sa singiletin auduga a cikin rigar nan mai hana ruwa shiga.

Ita rigar ruwa kawai take tarewa. Ɗumin yana cikin iskar da kayan ciki suka riƙe. Auduga kuwa gumi take sha, ta manne a fata. Na taɓa fitowa haƙorana na kaɗawa, yatsuna sun ƙage, ko zif na kasa zugewa.

Ku leƙa gwanjo a babbar kasuwar Gombe, ku nemi riga da wando na ulu ko foliyesta, da safa mai kauri. Da arha za ku samu.

Amma kada ku jibga. Kauri yana hana nutsewa, sai kun ƙara dalma a ɗamara. In kuma rigar na yoyo, ku fara gyara ta tukuna.