Gyaran farfelar injin kwale-kwale

Cire fin da noti, ka zare farfelar, ka duba bayanta: zaren koma kan naɗe a wurin ya cinye sil (robar da ke tare ruwa), ruwa ya shiga man giya.

Idan kunnen farfelar alminiyam ya ɗan lanƙwashe, ɗora shi a kan katako ka riƙa bugawa a hankali da gudumar roba. Ƙarfi tsaga shi yake yi. Tsagewa kuwa sai waldar agon, sannan a goge har kunnuwan su yi nauyi ɗaya, in ba haka ba girgiza za ta kashe boris.

Inji na ihu, jirgi ba ya tafiya? Robar tsakiyar farfelar ce ta sake.

Injin Yamaha Enduro 40 yana son juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an ba shi wuta gaba ɗaya. In bai kai ba, rage fici (nisan da farfela ke ci gaba a juyi ɗaya) da inci 1, juyin zai ƙaru da kusan 200.