Idan makaranta a Amurka ta dakatar da yaronka mai lalura

Mun taso da cewa malam uba ne, hukuncinsa ba a tambayar dalili. A Amurka wannan ladabi yakan jawo wa yaro asara, musamman yaro mai lalura irin su otizim, ADHD (rashin natsuwa da yawan motsi), matsalar ji ko jinkirin fahimta. Dokar tarayya ta ba shi kariya, amma sai iyaye sun buɗe baki take aiki sosai.

Dokar ita ce IDEA, wato dokar ilimin yara masu lalura. Asalinta na 1975 ne, an sa mata wannan suna a 1990, aka yi mata babban gyara a 2004. Yaron da ke ƙarƙashinta yana da rubutaccen tsarin karatu nasa na kansa, wanda makaranta ke kira IEP. Tun a 1988 Kotun Ƙoli, a shari'ar Honig da Doe, ta hana makarantu fitar da irin waɗannan yara na dogon lokaci bisa ra'ayinsu kaɗai.

Lissafin da za ka riƙe shi ne kwana goma na makaranta. Har zuwa nan, ana iya dakatar da shi kamar kowane ɗalibi. Idan za a wuce goma a jere, ko kuma gajerun dakatarwa sun taru sun haura goma a shekara a kan hali iri ɗaya, doka na ɗaukarsa a matsayin sauya masa wurin karatu. Daga nan dole makaranta ta kira zama cikin kwana goma na makaranta, kai ma kana ciki. Tambaya biyu ake yi: laifin ya samo asali ne daga lalurar yaron kai tsaye? Ko kuwa makaranta ce ta kasa aiwatar da abin da ta rubuta a IEP ɗinsa? In amsar ɗaya ta zama e, yaro ya koma ajinsa, sai dai in kun amince da wani wurin, kuma a binciki abin da ke tayar masa da halin a tsara yadda za a taimaka masa. In duka biyun a'a ne, a hukunta shi kamar kowa, amma ba a yanke masa karatu.

Abu uku ne suka fita daga wannan tsari: makami, miyagun ƙwayoyi, da yi wa wani mummunan rauni. A nan makaranta na iya kai shi wani wurin karatu na wucin gadi har kwana 45 na makaranta, ko da lalurar ce sanadi.

Akwai korar da ba a kira ta kora. A bugo maka waya da hantsi, "zo ka ɗauki ɗanka, yau ya ƙi natsuwa," ka bar aiki ka je, babu takarda. Gobe ma haka. Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta yi gargaɗi a kan wannan a 2022, domin irin waɗannan ranakun na iya shiga lissafin goman. Rubuta kwanan watan duk ranar da aka yi haka, ka nemi su ba ka dalili a rubuce.

Inda muka fi cutar da kanmu kuwa shi ne kunya. Makaranta ta nemi a gwada yaro a ga ko yana da lalura, uba ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, ƙiriniya ce kawai, ya ƙi sa hannu. Ana gudun kada labari ya kai masallaci ko gida. To a doka, iyayen da suka hana gwaji ko suka ƙi tallafin sun sauke wa yaron wannan kariya, ranar da ya yi laifi za a hukunta shi kamar kowane ɗalibi. Wanda kuma ya riga ya rubuta wa makaranta cewa yana ganin ɗansa na buƙatar taimako na musamman, ko ya nemi gwaji, ɗansa na iya samun kariyar tun kafin a kammala gwajin. Magana da malama a bakin ƙofa ba ta kai takarda ba. Tura saƙon imel, ka ajiye kwafi.

Turanci ba dalilin yin shiru ba ne. Wajibi ne makaranta ta samar da tafinta a zaman IEP, kyauta. Ka nema da wuri, don mai jin Hausa ba ya samuwa nan take a garuruwa da yawa, kuma kada ka yarda babban ɗanka ya zama tafinta a maganar ƙaninsa. Kana iya zuwa da wanda ya san yaron, kana kuma iya tafiya da takarda gida ka karanta kafin ka sa hannu.

In ba ka gamsu da hukuncin ba, nemi sauraron ƙara na gaggawa: ana zama cikin kwana 20 na makaranta, a yanke hukunci cikin goma bayan haka. Kowace jiha tana da cibiyar horar da iyaye wadda gwamnatin tarayya ke ba kuɗi, suna ba da shawara ba tare da karɓar ko sisi ba. Yaron da ke kan tsarin Sashe na 504 (wata dokar tarayya daban da ke kare masu lalura) maimakon IEP shi ma ana yi masa zaman tantancewar, sai dai ci gaba da karatu lokacin dakatarwa ya danganta da dokar jiharku, don haka ka fara tambayar wanne ne a cikin biyun aka rubuta wa ɗanka.