Migas irin na Capileira: inda masu girki suke tuntuɓe

Capileira ƙauye ne a tsaunukan Alpujarra na lardin Granada, a kudancin Sifaniya, sama da mita 1,400 daga doron teku. Idan hadari ya haɗu sanyi ya sauko, mutanen yankin kan ɗora kaskon migas. Kayan haɗin kaɗan ne: tsakin alkama mai laushi, ruwa, gishiri, tafarnuwa da man zaitun. Wanda ya san dambu zai gane kamanninsa, sai dai shi ba turara shi ake yi ba.

Babban kuskure shi ne gaggawa. Da zarar an zuba tsakin a ruwan da ya tafasa, sai ya koma kamar tuwon da ya caɓe, mai girki ya karaya, ya ɗauka ya ɓata. Bai ɓaci ba, nan ne ma aikin ya fara. Rage wuta, ka riƙa juyawa kana saran dunƙulen da bakin cokali mai faɗi har wajen rabin awa, ko fiye. Hannu zai gaji, babu makawa. Sai ya yi wara-wara ya ɗauki launin zinariya ake saukewa.

Wasu kuma ruwa ne yake musu yawa. Kofin ruwa ɗaya ga kofin tsaki ɗaya ya wadatar. Idan ya zarce, a barbaɗa tsaki kaɗan, kada a ƙara wuta, don ƙasa zai ƙone sama yana danƙo.

Tafarnuwa da ɓawonta ake soya ta, a ɗan tsaga ta kawai. Wanda ya daka ta zai sha ɗaci. A soya koren tattasai a man, a kwashe, sannan a zuba ruwa a kan wannan man. Rowar mai ma kuskure ce, kuma man gyaɗa, a ganina, yana sauya abincin gaba ɗaya.

Ga wanda ya je can: migas na gidajen abinci galibi da naman alade yake zuwa, haka ma farantin da suke kira plato alpujarreño. Ka tambaya tun kafin a zuba, ka nemi naka da soyayyen kifi, tattasai da inabi. Abin sha da suke kira costa kuwa giya ce, duk da a ƙaramin kofi ake kawo ta kamar ruwan 'ya'yan itace. Ruwan Lanjarón, wani gari a wannan yankin, yana nan a kwalba kusan ko'ina.